Rodin Da Papi Ya Bar Min A Saman Gida

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na sa hannu sau goma sha huɗu a kan teburin cin abincinmu, da zoben Edgardo sabo fil a yatsana. Ku da kuke ta turo min saƙon taya murna, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ku tsaya ku ji yadda aka yi tukuna, don ni kaina ban san ko murnar ta kamace ni ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Glorimar, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a wani kantin magani a nan garinmu Yauco. Mu biyu ne a gida, ni da Mami. Yayana Noel yana Orlando, sai dai murya a waya. Papi birkila ne, shekara uku ke nan da rasuwarsa. Da hannunsa ya gina gidan nan, Lahadi bayan Lahadi, bai ci bashin ko buhun siminti ɗaya ba. Da ya zuba rufin kankare sai ya bar rodi a tsaye a kowace kusurwa, ya kifa musu robobin lemo don kada ruwa ya ci su. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, saman nan na Glori ne, ranar da ta yi aure a nan za ta ɗora nata. Da ya rasu gidan ya zama namu mu uku, ba mai iya taɓa shi sai da hannun sauran biyun.

Bashin kuwa ba na almubazzaranci ba ne, kada wani ya zagar min uwa. Girgizar ƙasa ta tsaga ginshiƙai biyu, aka gyara da katin bashi. Papi ya kwanta wata tara, abin da inshora bai biya ba aka biya da kati. Ɗan shagon abincin Mami ya mutu a tsaye, ta yi ta ciyar da shi da kati har ya ƙarasa mutuwa. Katin bashi biyar, dala dubu arba'in da uku. Fanshonta dubu ɗaya da ɗari ɗaya ne a wata, masu katin kuma suna neman ɗari tara da wani abu, wanda rabinsa kuɗin ruwa ne. Tun bakwai na safe ake fara kira. Mami ta kai ga naɗe wayarta a tawul ta tura cikin durowa, amma in ta yi ƙugi a can ciki sai ka ga kafaɗarta ta zabura.

A wannan ƙarfe bakwai ɗin ne kuma Don Plinio yake shigowa rediyo. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma ya fi wasu 'yan uwanmu zama a kicin ɗinmu. Muryarsa mai kauri, kamar ta kawun da ya taɓa yin kuɗi. Kullum maganarsa ɗaya: a yanke kati, a raba albashi a ambulan, a sayar da abin da za a iya sayarwa, amma kada a kuskura a je kotu a yi shelar karayar arziki. Wai tabo ne na shekara goma, wai wanda ya ci ya biya. Mami har rage wutar murhu take yi don ta ji shi da kyau.

Edgardo kuwa ɗalibinsa ne na gaban aji. Mai gyaran wutar lantarki ne, dogo, mai ɗan gemu, ba ya sha, ba ya ƙarya. Yana da shekara ashirin da huɗu bashin dubu tara ya shaƙe shi, ya bi maganar Don Plinio tiryan-tiryan, cikin shekara biyu ya fita tas. Har yau guntattakin katunansa suna cikin wata kwalba a kan firij ɗinsa. Ranar da ya fara fita da ni, da aka kawo takardar kuɗin abinci sai ya ciro ambulan daga aljihu, na leƙa na ga an rubuta "Glori" a bayanta. Na yi ta dariya har ya ji kunya, amma a ranar na kamu. 'Yar da ta tashi tana jin waya tana ƙugi a durowa, in ta ga namijin da ba a bin sa ko sisi, ai dole zuciyarta ta kwanta.

Shi ya kawo shawarar. Ya samo wani kamfani da zai ba Mami dubu hamsin a jinginar da gidan, a share katunan gaba ɗaya, ta riƙa biyan ɗari biyar da ashirin a wata har shekara ashirin. Ya ce in mun yi aure mun hau sama, rabin biyan a wuyansa. Mami ta rungume shi tana kuka. Ni ma da farko na ga kamar ƙofa ce Allah ya buɗe.

Maribel ce ta ɓata min lissafi, abokiyar aikina. Muna jera magani a kanta ta ce min ƙasa-ƙasa ita shekara shida ke nan da ta je kotun, ga ta nan ba ta mutu ba, har mota ta saya bara. Na kalle ta baki buɗe, shekara huɗu muna aiki tare ban sani ba. Ta rubuta min lambar lauyarta a bayan rasit. Ranar Alhamis na ce wa Mami zan je likitan haƙori, na kama hanyar birnin Ponce wurin lauyar.

Lauya Quiñones 'yar gajeriya ce, ta cire takalmin ofis ta sa silifa a ƙarƙashin tebur. Ta baje takardun Mami, ta tambaye ni ko akwai jingina a kan gidan yanzu, na ce babu. Ta tambaya ko a ciki Mami take zaune, na ce tun kafin a haife ni. Sai ta cire tabarau ta ajiye.

"To ki saurare ni da kyau, 'yata. Gidan da mutum yake zaune a ciki doka ta kare shi, takarda ɗaya za mu yi masa rajista da ita. Masu katin nan ba su isa su taɓa shi ba, fanshon ma haka. Su yi ta kira har wayar ta narke. Mutum ɗaya ne zai iya ƙwace gidan nan, wanda kuka miƙa masa da hannunku."

Na ce to Don Plinio fa, ƙarya yake yi ke nan? Ta ce a'a, ga saurayina gaskiya ya faɗa, matashi mai albashi da ɗan bashin dubu tara bai ga ta zuwa kotu ba, ita ma da ya zo wurinta korar sa za ta yi. Amma mace mai shekara sittin da huɗu, wane gida za ta saya nan gaba da ake tsorata ta da tabon shekara goma? Ta ce mai rediyo magana ɗaya yake yi wa mutum dubu ɗari, bai san shekarun kowa ba, kuma ranar da za a zo da kwaɗo ba ya nan.

Ba ta ɓoye min ɗacin ba. Sunan Mami zai shiga takardar da kowa ke iya dubawa. Kuma dole a rubuta duk wanda yake bin ta, ba a tsallake kowa, ko maƙwabci ne, kowa kotu za ta aika masa wasiƙa. Nan na tuna Madrina Luz, uwar baftismata, wadda ta ba Mami dubu biyu lokacin jinyar Papi. Lauya ta ce bayan an gama Mami tana iya biyan ta don kanta, ba mai hana ta. Amma wasiƙar sai ta je.

Ranar Juma'a na sami Mami tana ɓare tafarnuwa, na zauna na faɗa mata komai. Ta saurara har na zo kan wasiƙar. Sai ta ajiye wuƙar.

"Luz? Matar da ta ɗaga katifarta a gabana ta ciro kuɗin likkafaninta ta ba ni, ko takarda ba ta ce in rubuta ba? Ita ce ɗan gidan waya zai miƙa wa wasiƙar kotu da sunana a kai? Nena, 'yata, ina zan zauna a coci?"

"Mami, za ki biya ta daga baya."

"Daga baya. Ubanki bai taɓa kwana da haƙƙin kowa ba."

"Bai taɓa jinginar da gidansa ba kuma."

Na yi nadamar maganar tun kafin ta gama fita. Mami ba ta zage ni ba, ta dai tashi ta wanke hannu, ta juya min baya ta ci gaba da aikinta.

Na tura wa Edgardo saƙo na zayyana masa. Minti biyu ya amsa: "Ta faɗa miki nawa za ta karɓa?" Na rubuta masa, dubu ɗaya da ɗari biyu. Ya turo: "To kin gani. Kowa da abin da yake sayarwa, masoyiya. Gobe ki yi kyau kawai, ki bar min sauran." Na daɗe ina kallon saƙon. Gaskiya ne tana da kuɗinta, amma ban samu bakin tambayarsa nawa kamfanin zai ci a shekara ashirin ba.

Goben ita ce ranar da iyayensa za su zo neman aurena. Tun safe Titi Awilda, ƙanwar Mami, ta dira da jakar kayan gyaran gashi, ta zaunar da ni tana ja tana mita wai kaina kamar na Papi, ba ya jin magana. Na sa doguwar rigata ruwan ƙwai mai leshi a wuya, da 'yan kunnen lu'ulu'un roba na kakata. Mami ta fito da farantan da ba a taɓa su sai Kirsimeti, ta dafa shinkafa da wake da gasasshiyar kaza da soyayyar agada. Mahaifin Edgardo ya miƙe da farar rigarsa mai aljihu huɗu, ya yi gyaran murya, ya nemi aurena a wurin Mami da hoton Papi da ke bango. Edgardo ya durƙusa, ya ciro zobe. Na ce na yarda, kuma Allah ya sani da zuciya ɗaya na faɗa.

Ana zuba kofi wata farar mota ta tsaya a ƙofa. Wani mutum ya shigo da jaka da hatimi, yana gaishe da kowa da suna. Lauyan kamfanin ne. Ashe Noel ya riga ya aiko da takardar wakilci tun makon jiya, ba wanda ya faɗa min. Edgardo ya matse hannuna yana murmushi, ya ce ya so ne a haɗa farin ciki biyu rana ɗaya, Mami ta shiga sabon wata ba a bin ta komai.

Na san za ku ce me ya hana ni miƙewa in ce a'a. Ni ma na tambayi kaina har na gaji. Surukata tana zaune tana kallona da kofi a hannu. Titi ta riga ta janye faranti ta share wurin takardu. Mami ta sa nata hannun, ta miƙo min biro, idonta jawur, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Kada ki kunyata ni a gaban baƙi." Na karɓa. Duk inda mutumin ya ɗora yatsa na sa hannu. A ƙarshe ya ba kowannenmu wata takarda kwafi biyu, ya yi wani bayani da sauri ana ta tafi ba wanda ya ji. Titi ta ɗora kofinta a kan ta Mami, ni na cusa tawa a jaka.

Ranar Lahadi bayan coci na tura wa Lauya Quiñones kalma uku: "Na sa hannu." Sai Litinin da safe amsarta ta shigo, ina tsaye a bayan kanta.

"Duba takardar da ya ba ki kwafi biyu. Wanda ya jinginar da gidan zamansa yana da kwana uku ya janye, shi ya sa ba su saki kuɗin ba tukuna. Ba a ƙirga Lahadi, naku zai cika Laraba. Hannun mutum ɗaya cikin masu gidan ya isa, ba sai kin nemi izinin kowa ba. Ki aika ta gidan waya, ki riƙe rasit. Amma ki sani ba zai ɓoyu ba."

Na shiga banɗaki na zazzage jakar a ƙasa. Tana nan, ta yamutse, har da maiƙon kaza a gefe.

Kwana biyun nan ban taɓa ganin masu tsawo irinsu ba. Da Mami tana cikin ƙunci da abin ya zo min da sauƙi, amma matar nan sai ta dawo yarinya. Ta ciro wayarta daga tawul ta ajiye a kan tebur, in ta yi ƙara ta ɗauka ta ce wa masu katin su jira Alhamis. Tana shara tana waƙa. Ta leƙa ta katanga ta ce wa Madrina Luz ta dafa kofi ranar Alhamis, tana nan zuwa da saƙo. Shekara uku rabon da in ji dariyarta daga ƙofar gida, kuma takardar da za ta kashe dariyar tana cikin jakata.

Ranar Talata da yamma Edgardo ya zo da tef ɗin awo, muka hau sama. Yana auna inda ɗakin kwana zai zauna, ni ina tsaye kusa da rodin Papi, robobin duk rana ta cinye launinsu. Daga nan ana hango gidan su Caraballo a gangare, wanda aka sa wa kwaɗo bara, ciyawa ta kai taga. Su ma ɗansu ne ya ce zai riƙa taimakawa.

Na tambaye shi in aikinsa ya tsaya fa, ko ya faɗo daga sandar wuta, ko mu ɓata ni da shi. Mami za ta rayu da ɗari biyar da tamanin a wata har ta kai tamanin da huɗu? Ya saki tef ɗin ya naɗe kansa da ƙara. Ya ce ko kwana huɗu zoben bai yi ba har na fara lissafin rabuwa. Na ce ba haka nake nufi ba, na ce to a misali, da Mami kotun ta je fa?

Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Glori. Ban san ko zan iya kwana a saman gidan da aka tsare da kuɗin mutane ba."

Ina son mutumin nan, ku ji ni da kyau. Ba mugu ba ne, abin da ya cece shi yake son ya cece mu da shi. Amma da ya faɗi haka sai na ga gidan ba shi a cikin lissafinsa, sunan ne kawai, shi da Mami da Don Plinio duk sunan suke tsaro. Ni kaɗai nake ganin tsohuwa da akwati a bakin titi.

Yau Laraba. Da lokacin cin abincin rana ya yi na ce wa Maribel ta riƙe min wuri. Ta kalli fuskata, ta karɓe ni a kanta. Na taka zuwa gidan waya. A kan kantar na sa hannu a takardar janyewar, na rubuta kwanan wata, biron ma sai da ya ƙi kamawa na sake bi. Ma'aikacin ya san ni tun ina yarinya, ya hango zoben ya ce ashe gaskiya ne abin da ake faɗa, Allah ya sanya alheri, Don Confesor, wato Papi, da yana raye da ya yanka kaji. Na ce amin. Ya buga hatimi, ya jefa ambulan ɗin cikin buhu a bayansa, ya miƙo min ɗan koren rasit.

Ko ƙofa ban kai ba wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Edgardo: bulo jere a saman gidanmu, tsakanin rodin Papi. A ƙasa ya rubuta, "Guda ɗari uku. Na fasa ambulan ɗin Gida, shekara huɗu ina tara ta. Ki yafe min maganar jiya." Na jingina da bango a bakin titi na yi kuka har wata tsohuwa ta tsaya tana tambayata wa ya rasu.

Ƙarfe biyar na isa gida. Tun daga kwana nake jin ƙamshin miyar kaza. Edgardo yana sama ba riga, duk ƙurar siminti, yana ɗaga min hannu yana cewa in tsaya nan ga shi nan saukowa. Mami tana zaune a baranda cikin rigarta mai furanni, ta ɗora farar ambulan a cinya, ta rubuta "Luz" a bayanta da manyan baƙaƙe, tana jiran kuɗin gobe.

Na sunkuya kamar kullum na ce, "Ki sa min albarka, Mami."

"Allah ya yi miki albarka, nena, ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙanki kamar yadda kike jin nawa."

Na so in wuce ciki. Na so in bari sai gobe kamfanin ya kira su da kansa. Amma hannuna ya riga ya shiga jaka, na ciro rasit ɗin da ɗaya kwafin takardar, na ɗora mata a kan ambulan ɗin Madrina. Ta ɗaga, ta nisanta da idonta, ta matso da ita, ta laluba wuyanta ba ta ji igiyar tabarau ba. A bayana ina jin takun Edgardo a kan matakala, yana fito.

Mami ta miƙo min takardar tana murmushi.

"Na bar tabarau a kicin. Tsaya ga angon nan ya iso, sai ki karanta mana gaba ɗaya."